Zan iya ɗiga zuma a kunnen da funfuna ta kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kusan wata biyu ke nan kunnena na dama yana min ƙaiƙayi, wani lokaci har barci yake hana ni. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, ya ɗan lafa, sannan ya dawo fiye da da. Yanzu kunnen ya toshe, in na sosa sai wani abu baƙi-baƙi ya biyo tsinken. A asibitin unguwarmu an ce funfuna ce. Wata ƙawata ta ce in riƙa ɗiga zuma farar saƙa safe da yamma, tunda zuma waraka ce, kuma ta ji an ce tana kashe funfuna. In yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki ɗiga. Ko ta kasuwa ce, ko wadda aka ciro daga amya a gaban idonki, kada ki bari ta shiga wannan kunnen. Ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba, zuma tana da ƙarfi a kan wasu ƙwayoyin cuta, kuma zan faɗa miki iya inda ƙarfin ya kai. Amma cikin kunne wuri ne da ƙarfin nata ke saurin karyewa, haɗarinta kuma ya ƙaru.

Funfunar da ta kama ki ba baƙuwa ba ce a gidanki. Kin san baƙin garin nan da ake tararwa in an ɓare albasar da ta daɗe a ajiye, a ƙarƙashin ɓawon sama? To ita ce. Masana na kiran danginta Asfajilus, kuma dangin nan ne suka fi kama kunnuwan mutane a ƙasashe masu zafi. Wata 'yar'uwarta mai ruwan ɗorawa da kore ita ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Akwai kuma Kandida, wadda ke sa farin abu a harshen jarirai da ƙaiƙayin gaba ga mata. Ita ma takan shiga kunne. Irinsu yana yawo a iska da ƙura, kullum yana faɗawa kunnen kowa, amma ba ya tsirowa sai ya sami wuri.

Idan muka leƙa irin kunnenki da fitilar duba kunne, abin da muke gani ba ya ɓuya. Wani farin gashi-gashi ne ya lulluɓe bangon ramin, a samansa ga ɗige-ɗige baƙaƙe, kowanne a kan ɗan siririn karansa. Can ciki kuma wani dunƙule ne jiƙaƙƙe, toka-toka, na matacciyar fata da saiwoyin funfuna da ruwan da fatar ke tsattsafowa, ya cushe hanya har ba a hangen dodon kunne. Wannan dunƙulen ne ya toshe miki ji, shi ne kuma baƙin abin da ke biyo tsinke.

Zurfin ramin kunnen babban mutum kusan santimita 2 da rabi ne. A lanƙwashe yake, da ɗumi, da duhu, ƙarshensa kuma a rufe da dodon kunne. Abin da ke tsare shi shi ne dauɗar nan da muke ƙyama: tana da ɗan tsami, tana da maiƙon da ke hana ruwa zama a kan fata. Duk wanda ya mai da sosa kunne al'ada, da gashin kaza, da tsinken ashana, da murfin biro, da tsinken auduga, yana kwashe wannan kariyar ne, yana kuma karce fatar. Sai ruwan wanka ya shiga ya kwanta, musamman da damina. Abin da ya rage kawai irin funfuna ya faɗo.

Maganin kemis ɗin nan ma ina zarginsa. Yawancin magungunan ɗigawa da ake miƙa wa mai ciwon kunne na kashe bakteriya ne, galibi haɗe da wani sinadarin rage kumburi. Mai rage kumburin shi ke kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, ki ga kamar an dace. Amma ɗayan yana kashe bakteriyar da ke zaune lafiya a fatar kunne, waɗanda ke hana funfuna sakewa, ga shi kuma kullum kina jiƙa ramin. Labarinki na "ya lafa sannan ya dawo fiye da da" shi ne labarin da muka fi ji daga masu wannan ciwo. Ki ajiye wannan kwalbar daga yau, amma ki tafi da ita asibiti a ga me ke ciki.

Yanzu ga zuma. Ba na cikin masu raina ta. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwanta kuma yawanci kashi 17 zuwa 18 ne, don haka duk ƙwayar cutar da ta faɗa ciki sai zumar ta tsotse mata ruwan jiki. Tana da tsami fiye da yadda harshe ke ji, zaƙi ne ya rufe shi. Ƙudan zuma kuma yana zuba mata wani sinadari daga jikinsa, wanda in zumar ta haɗu da ɗan ruwa yake fitar da haidurojin, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, amma kaɗan-kaɗan. Zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan, wadda Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato ya shafe shekaru yana nazari a kanta tun wajen 1980, tana da ƙarin wani sinadari da ake rubutawa MGO a jikin kwalba. Masu bincike a Jamus ne suka bayyana shi a 2008. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Medihoney, abin ɗaure rauni da aka yi da zuma. Ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba, an tattara gwaje-gwaje an ga zuma na saurin warkar da ita fiye da wasu kayan ɗauri da aka saba da su. Ga tari kuma, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa ta cikin abin da za a fara gwadawa tun 2018.

Kan funfuna ma akwai magana. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun nuna cewa wasu nau'o'in zuma suna hana Kandida girma a faranti na ɗakin gwaji. Daga irin wannan aikin ne zancen ƙawarki ya samo asali, kuma aiki ne na gaskiya.

Sai dai faranti daban, kunne daban. A faranti, mai bincike ne ke auna yawan zumar, yawan nan kuma ba ya canzawa har a gama. Sannan abin da ake gani a kai a kai shi ne funfuna tana buƙatar zuma mai kauri sosai kafin ta tsaya, fiye da yadda bakteriya ke buƙata. Dalili kuwa, funfuna halitta ce mai jure bushewa da yawan sukari. Shi ya sa take kama burodi da busasshen dabino da hatsi, inda bakteriya ba sa iya komai.

Baƙar funfunar nan taki ta fi kowa iya wannan. Tun 1917 wani masani Ba'amurke mai suna James Currie ya gano cewa in aka ba ta ruwan sukari mai tsami, sai ta ci ta ƙoshi ta fitar da sinadarin tsamin lemo. Har yau da ita masana'antu ke yin mafi yawan tsamin da ake zubawa a lemon kwalba da alewa: ruwan sukari ake ba ta a manyan tankuna. Kin ga makamai biyu na zuma, sukari da tsami, ba su ba ta tsoro yadda suke ba bakteriya. Na ukun, haidurojin, ita da kanta tana fitar da sinadarin da ke rusa shi, haka ma mugunya da ruwan jikin mutum suna ɗauke da irin wannan sinadarin.

To ki duba abin da zai faru in kin ɗiga. Kunnen da funfuna ta kama a jiƙe yake, fatarsa tana tsattsafo ruwa. Ita kuma zuma ɗabi'arta ce jawo ruwa. Cikin 'yan sa'o'i ta tsinke. Duk mai sana'ar zuma ya san abin da ke faruwa da zumar da ruwa ya yi wa yawa: tana kumfa, tana tsami, tana lalacewa, domin ƙwayoyin yis da ke cikinta tun asali sun sami damar farkawa. Shi ya sa ƙa'idar cinikin zuma ta duniya ta hana ruwanta ya wuce kashi 20 cikin 100. Zumar da ta tsinke a cikin kunnenki ta zama ruwan zaƙi mai ɗumi, a wuri mai duhu da ba ya bushewa, a kan funfunar da sukari ne cimarta. A kan rauni na hannu ko ƙafa ana warware ɗauri, a wanke, a sa sabuwar zuma mai kauri. A ramin kunne ba ki da hanyar wanke tsohuwar. Tana nan tana cakuɗa da dunƙulen da ke ciki, ta ƙara toshe ki, ta kuma sa wa wanda zai share kunnen aiki ya yi wuya. Ban ma yi zancen kiyashi ba, wanda ƙanshin zaƙi ke kirawo shi har kan matashi.

Ita kanta zumar ba a tsarkake take daga ƙwayoyin cuta ba. Ɗanyar zuma na ɗauke da irin funfuna da na wasu bakteriya da ke kwance ba su mutu ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake hana ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, don irin wata ƙwaya da ke cikinta na iya tsirowa a hanjinsa ya shanye masa jiki. Zumar asibiti ana tace ta, a haska ta da wani haske mai kashe waɗannan ƙwayoyi ba tare da an dafa ta ba. Ta kasuwa kuwa, wata an matse ta da hannu har da 'ya'yan ƙudan, wata an dafa ta har sinadarin nan mai amfani ya mutu, wata an haɗa ta da narkakken sukari. Gwajin da ake yi na tsoma ashana ko ɗiga ta a ruwa ba ya nuna miki ko akwai ƙwayar cuta a ciki.

Duk wannan bai kai abin da ya fi damuna ba, wato dodon kunne. Fata ce siririya ƙwarai, kaurinta kusan kashi 1 cikin 10 na milimita. Funfunar kunne da ta daɗe takan huda shi. Tsinken susa ma yakan huda shi. Wasu kuma tun suna yara, lokacin da kunne ya yi ta zubar musu da ruwa, ya huje bai rufe ba, ba su ma sani ba. Ke da kanki ba ki da yadda za ki gane naki lafiya yake ko a huje, kuma ko likita ba ya iya cewa komai sai ya kwashe abin da ya tare shi. In a huje yake, duk abin da kika ɗiga zai wuce kunnen tsakiya, inda ƙananan ƙasusuwan ji suke, inda jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa, inda kuma wata 'yar taga mai laushi ce kawai ta raba shi da kunnen ciki, mazaunin ji da daidaiton tsayuwa.

An gwada wannan. A Jami'ar McGill da ke Kanada, likitocin kunne sun zuba zumar manuka da aka sirka rabi da rabi ta cikin dodon kunnen wata dabba dangin ɓera da ake kira cincila, wadda ake yawan gwajin ji da ita. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna kumburi mai tsanani, da shanyewar gefen fuska, da rikicewar daidaito, da asarar ji. Da suka sake gwadawa da zuma kashi 4 cikin 100 kacal, a aikin da ya fito a 2015, ba su ga wannan ɓarnar ba. Ki haɗa wannan da abin da na faɗa a baya. Kaurin da ake buƙata kafin funfuna ta tsaya yana can sama, kusa da inda aka ga illa. Sirkin da ya zama lafiya ga kunnen ciki kuma ya yi tsinkewar da funfuna ba za ta ji shi ba. Ƙawarki kuwa tsantsarta ta ce ki ɗiga. Ƙwayoyin ji na kunnen ciki in sun mutu ba sa dawowa, kuma ba na so garin neman ƙiba ki samo rama.

Don adalci, akwai likitocin da suka gwada zuma a kunnen mutane. A birnin Mastirik na ƙasar Holan an yi ƙananan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a 2015 kan ramin da ake bari a bayan kunne bayan tiyata in ya ƙi daina ruwa, ɗaya a 2017 kan masu ƙaiƙayin fatar kunne mai yawan dawowa, kuma an ga alamun sauƙi. Amma zumar asibiti ce da aka haɗa musamman, mutanen kaɗan ne, likitocin kunne ne ke duba su, kuma ba funfunar kunne aka nufa da gwajin ba. Zuma ba ta cikin magungunan da likitocin kunne suka amince da su don ciwonki.

Na san abin da ke ranki da ran ƙawarki, domin yana raina ni ma. Allah ya ambaci zuma a Suratun Nahli, aya ta 69, ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, kuma babu mai imanin da zai yi jayayya da wannan. Amma a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Jabir, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Dacewar nan ta haɗa da sanin wace cuta ce, wane wuri ne a jiki, da wane gwargwado. Barin zuma a wajen kunnenki ba raina ta ba ne. Ki sha abarki, in ba ki da ciwon suga.

Abin da ke warkar da wannan ciwo, kafin kowane magani, shi ne shara. Sai an kwashe dunƙulen nan tas. A sashen kunne, hanci da maƙogwaro ana yi da wani siririn bututu mai zuƙa, likita na kallo ta madubin ƙara girma. Za ki ji ƙara kamar iska na busawa a kunnen, wataƙila ki ɗan yi tari, domin akwai jijiyar da ta haɗa ramin kunne da maƙogwaro, wani lokaci da ɗan jiri na daƙiƙoƙi. Da yawa suna tashi daga kujerar suna cewa kunnen ya buɗe. Inda babu injin, ma'aikacin da ya iya yakan goge a hankali da busasshiyar auduga yana kallo. Ban so a yi miki wankin kunne da sirinji ba tare da an tabbatar dodon lafiya yake ba, kuma ko an yi, dole a busar da ramin sarai.

Bayan shara sai maganin funfuna. Wanda aka fi amfani da shi shi ne kulotirimazol mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, na ɗigawa ko na shafawa, kuma ba shi da tsada. Yawanci akan yi mako 2 zuwa 3 ana sawa. Ƙaiƙayin zai tafi tun kafin nan, kuma a nan ne mutane ke yin sake: su daina, irin da ya rage ya sake tsirowa, su ce magani bai yi ba. Ki cika kwanakin da aka ce, ki koma a sake dubawa, domin sau da yawa sai an yi shara ta biyu. In aka tarar dodon a huje, tsarin yana canzawa. Na ɗigawar yakan yi zafi sosai in ya wuce ciki, don haka likita kan shafa mai kauri da kansa a bangon ramin ko ya sa shi a jikin 'yar lagwani. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ki sayo kulotirimazol ɗin ma da kanki kafin a leƙa. Ƙwayoyin haɗiya ba kasafai ake buƙatarsu ba, sai ciwon ya ci cikin nama ko garkuwar jiki ta yi rauni.

Idan asibitin unguwarku ba su da kayan sharar, ki nemi su tura ki babban asibitin jiha ko asibitin koyarwa mafi kusa, duk suna da wannan sashe. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aikinta ke nan.

Naki aikin a gida shi ne kunnen ya zauna a bushe. In za ki yi wanka ko wankin kai, ki murza 'yar auduga da man Vaseline ki toshe bakin ramin, ki cire da kin gama. Wankan ibada bai buƙaci ruwa ya shiga can cikin rami ba, haka shafar kunne a alwala: danshin yatsa a kan fatar waje ya wadatar. In kin wanke kai, ki bari gashi da kunne su sha iska kafin ki ɗaura ɗankwali ki sa hijabi. Abin jin sauti na waya da ake cusawa a kunne, ki huta da shi har ki warke, sannan ki goge shi da sifirit. Tsinke kuwa, kowane iri, ki rabu da shi. Na san ƙaiƙayin nan yana sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, amma kowace susa sabon rauni ce, kuma tsinken da ya shiga kunnen dama in ya shiga na hagu ya kai masa iri. In ya matsa miki, ki danna ɗan tudun naman da ke gaban ramin ki murza a hankali. Hukuncin zuma shi ne hukuncin man zaitun, man habbatus sauda, ruwan tafarnuwa, ruwan albasa da nonon mai shayarwa, duk abubuwan da ake ba mutane shawarar ɗigawa: kada ki ɗiga ko ɗaya. In kuma kin riga kin sa zumar kafin amsar nan ta iso gare ki, kada ki bi ta da ruwa don wankewa. Ki kwanta a kan wannan kunnen abin da zai fito ya fito, ki goge waje, ki gaya wa likita gaskiyar abin da kika sa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Zafin kunne mai tsanani da ke ƙaruwa da dare, kumburin bayan kunne ko na fuska, zazzaɓi, jiri, karkacewar baki ko ido ya ƙi rufuwa, ko ji ya ɗauke farat ɗaya: kowanne daga cikinsu, asibiti a ranar. Wannan ya fi ƙarfi ga mai ciwon suga, tsoho, da wanda garkuwar jikinsa ta raunana, domin a wurinsu ciwon ramin kunne na iya cin ƙashin da ke kewaye da shi.

Tunda naki ya kai wata biyu, ina so in kin je ki roƙi a auna miki sukarin jini ko da ba ki taɓa jin alamar komai ba, domin funfunar da ta ƙi tafiya ko take yawan dawowa takan zama abin da ke fara tona ciwon suga. Ki kuma nuna musu in kina da makero, ƙyasbi, ko farcen da ya yi kauri ya canza launi, a yi maganinsu tare, don yatsan da ya sosa can shi ne yake shiga kunne. In an yi shara da magani yadda ya kamata amma ya sake dawowa, sai a ɗebi abin da ke ciki a kai ɗakin gwaji a ga wace irin funfuna ce, a zaɓi maganin da ya dace da ita. Allah ya ba ki lafiya.